Takinmu Muke Ƙonawa a Bakin Titi

Wanda ya taso daga Tsafe ya shigo Gusau, ya ratsa gari ya fita ta hanyar Sakkwato ya nufi Bungudu, ba sai ya nemi allon da ke nuna sunan gari ba. Leda za ta sanar da shi ya kusa. Tana maƙale a ƙaya, tana shimfiɗe a gonakin bakin hanya, tana cunkushe a bakin kwalbati. Da yamma kuma hayaƙi ya karɓi aikin, domin a kowace unguwa akwai bolar da wani ya cinna wa wuta, wai ya rage ta. Yara na wasa a gefenta, mai tsire na kasa nama taku kaɗan daga wurin, tumaki na tonon abin da wuta ba ta ci ba. Mun saba da wannan har mun daina ganinsa, kuma sabon nan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Abin da nake son faɗa ba shi da kwana-kwana. Mafi yawan abin da muke tarawa a bola a garuruwan nan uku dukiya ce, kuma dukiyar da manomin Zamfara yake nema ido rufe. Muna biyan kuɗi a kwashe ta, muna biyan kuɗi a zubar da ita a bayan gari, muna ƙona ta muna shaƙar guba, sa'an nan mu koma kasuwa mu sayi takin zamani da tsadar da ta hana talaka noma. Wannan ba rashin sani ba ne. Sakaci ne, kuma akwai masu ofis da masu albashi da alhakinsa ke wuyansu.

A tona kowace bola a Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru a cikin Gusau a ga abin da ke ciki. Ɓawon rake, ruɓaɓɓen tumatir, ganyen albasa, sauran tuwo, kashin awaki da na kaji, toka, ƙaiƙayi, ƙasar da aka sharo daga tsakar gida. Bankin Duniya, a rahoton da ya fitar kan shara a 2018, ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin sharar da ake tarawa abu ne mai ruɓewa, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na sharar irin waɗannan ƙasashe a fili ake jibge ta ko a ƙone. Mu da kusan kowane gida ke da akuya ko tunkiya ko kaji, namu mai ruɓewar ba zai gaza haka ba. Abu mai ruɓewa kuwa sunansa taki. A 2017, ƙarƙashin shirin takin gwamnatin tarayya, naira 5,500 ake sayar da buhun NPK. Yau kowa ya san ya ninka wannan kuɗi sau da yawa, har manomi kan sayi taki a kwano, ya riƙa ɗiga wa shuka da yatsa. A jihar da ta rubuta a lambar motocinta cewa noma ne abin alfaharinta, a nan ne ake cinna wa taki wuta kowace yamma.

Kada wani ya zo mana da batun a matsayin sabuwar hikimar da za a koyo daga Turai. Masana na kiransa tattalin arziki mai zagayawa, wato abin da ya fita daga hannun wani a matsayin shara ya shiga hannun wani a matsayin jari, ya yi ta juyawa ba tare da ya ƙare a rami ba. Kakanninmu a kan haka suka rayu. Kowane gida na da juji a bayansa, kuma juji ba abin kunya ba ne, ajiya ce. Da rani ya tsaya sai a ɗaura wa jaki mangala a yi ta jigilarsa zuwa gona, a zuba tsibi-tsibi ana jiran ruwan shuka. Mai gona kan roƙi Bafulatani ya sauka da garkensa a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya ba da hatsi. A kewayen Kano, inda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960, an ga yadda jakuna ke shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da sharar birni zuwa gonaki, abin da ya sa ake noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Birni na ciyar da gona, gona na ciyar da birni.

Gusau ma da haka ta yi suna. Tun da jirgin ƙasa ya iso nan a ƙarshen shekarun 1920 ya zarce Ƙaura Namoda, gyaɗa da auduga ne suka gina garin. To a dubi gyaɗa. A matse ta a sami mai, tunkuzar a soya ƙuli-ƙuli, harawar a ɗaure wa dabbobi, ɓawon a zuba a murhu ko a turke, tokar ta koma gona ko ta shiga tukunyar mai sabulu. Me aka yar? A dubi auduga. A gurza ta, zaren ya tafi masaƙa, guryar a matse mai, abin da ya rage ya zama abincin shanun kiwo. Dusar gero ta akuya ce, ruwan tsari na tunkiya ne, karan dawa na danni ne da zana da girki. Ƙwarya ta fashe a ɗinke ta, ta sake fashewa ta zama sakaina. Zane ya tsufa ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo. Macen da ta iya riƙon gida a garin nan ba ta san wani abu wai shi abin yarwa ba.

Abin da ya tsinka wannan zagaye sananne ne. Leda ce ta shigo, musamman baƙar leda da ta ruwan fiya-wata, sai robar lemo, sai kunzugun yara na kanti, sai mataccen batir, sai fasassun kwalabe da allurai. Waɗannan ba sa ruɓewa, kuma da suka cakuɗa da mai ruɓewa sai suka lalata shi. Har yanzu akwai manoman da ke biyan mai tifa ya juye musu sharar gari a gona, domin sun san amfaninta, amma kowace tifa na zuwa musu da masifarta. Leda ta binne a ƙasa ta hana ruwa shiga, ta naɗe saiwar shuka, garma ta yi ta tono ta shekara bayan shekara. Yaro ya shiga noma ba takalmi ya taka allura. Dabba ta ci leda don tana jin gishiri da maiƙo a jikinta, ta cika mata tumbi, ta daina cin abinci, ta rame a tsaye. A tambayi mahautan Gusau abin da suke cirowa daga cikin shanu da tumaki. Dunƙulen leda ne murɗaɗɗe, wani lokaci har da igiya da ƙusa. Matar da ta yi wata shida tana kiwon rago don ta sayar da salla ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, leda guda ta naira goma na iya cinye mata jarin gaba ɗaya, kuma babu wanda zai biya ta.

Saboda haka matsalar ba yawan shara ba ce kawai. Cakuɗa ce. Wanda ya fahimci wannan ya san maganin daga ƙofar gida yake farawa. Wanda bai fahimta ba, ko ya ƙi fahimta da gangan, shi ne zai ce a sayo ƙarin tifa.

Wa ke da alhakin? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kwashe shara da kula da makewayin jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ba alfarma ba ce shugaban ƙaramar hukuma zai yi wa talakawa, aikinsa ne da ya yi rantsuwa a kai. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Jiha kuma tana da ma'aikatar muhalli, tana da hukumar tsaftace muhalli ta ZESA. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum sama da 380,000, Tsafe da Bungudu kowace sama da 250,000. Shekaru sun ja tun lokacin, an hayayyafa, ga kuma dubban bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suka fake a cikin garuruwan nan. Ranka ya daɗe shugaban ƙaramar hukuma, ina tambaya da girmamawa amma ba da wasa ba: tan nawa na shara garinka ke fitarwa a rana? Nawa ne mai ruɓewa a ciki, nawa ne roba? Ina take ƙarewa, kuma rijiyar wa ke kusa da wurin? Nawa ka ware mata a kasafin bana, nawa aka fitar, wa ya karɓa? A manna amsar a allon sakatariya kowa ya karanta. Wanda ba ya auna abu ba zai iya sarrafa shi ba, sai dai ya yi ta rubuta takardar biyan kuɗi a kansa.

Tsarin da muka gada shi ne kwashe ka zubar. A bari bola ta yi tsauni har ta fara cin titi, jama'a su yi ta kuka a rediyo, ko a ji wani babban baƙo zai shigo gari, sai a turo katafila da tifofi, a ɗauki hoto, a kai sharar wani rami ko wata gona a bayan gari a juye. Daidai yake da matar da ta share ɗaki ta tura sharar ƙarƙashin gado. Bayan garin jiya shi ne tsakiyar unguwar yau, domin Gusau faɗaɗa take yi ta kowace kusurwa, kuma mutane na gina gidaje suna haƙa rijiyoyi a kan tsofaffin juji. Shi kuwa aikin tsaftar ƙarshen wata da muka gada tun zamanin mulkin soja na 1984, me yake haifarwa? Matasa su fito da shebur su yashe lambatu, su tara baƙin taɓo da leda a bakin titi, babu motar da za ta zo, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. An wahalar da mutane, an tsayar da kasuwa, ba a rage ko kwano ɗaya ba.

Gwamnatin Dauda Lawal ta fara aikin sabunta birnin Gusau tun 2023, an yi tituna an gina magudanan ruwa, kuma duk mai ido ya gani. Amma magudanar da aka kashe miliyoyi a kanta, in babu inda jama'a za su kai shararsu, bola ce mai siminti. Damina biyu sun isa su cika ta. Idan ta toshe ruwa ya bi gidaje, ya ɗebo abin da ke cikin masai ya kai rijiya. A 2021 Najeriya ta ga annobar amai da gudawa da ta kama mutum sama da 111,000, ta kashe fiye da 3,600, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Gurɓataccen ruwa ke kawo wannan cuta, toshewar magudana kuma na cikin hanyoyin da ruwa ke gurɓata. Abin da ya tsira daga lambatu sai ya faɗa Gulbin Sakkwato, ya bi ruwa ya wuce ta Bungudu ya nufi madatsar Bakolori. Mutumin Bungudu da ke ban-ruwa a fadama bai sha ruwan ledar Gusau ba, amma shi ke tsintar ledar a bakin injinsa.

Alhali kuwa akwai mutanen da tuni suke yin aikin da hukuma ta kasa, ba albashi ba alawus. 'Yan jari-bola nake nufi, da 'yan gwangwan, da masu tura kura suna kiran a kawo tsohon ƙarfe da tsohuwar roba. Su ne dalilin da ba ka ganin gwangwanin lemo ko guntun ƙarfe ya kwana a bola. Suna tsinta, su kai wa dillali, a ɗora a sikeli a biya su kilo-kilo, a loda wa mota ta tafi Kano ko kudu inda ake narkawa. Tukunyar alminiyum da ake dafa abincin biki a cikinta daga irin wannan tsince-tsincen maƙera suka zuba ta. Buta da bokiti da takalman roba da masana'antun Sharaɗa da Dakata ke fitarwa, da yawansu tsohuwar roba ce aka niƙa. Murhun gawayi, gugar tayar mota, kaskon suya, duka daga abin da wani ya yar. Kasuwa ce mai rai, kuma ta nuna abu ɗaya a fili: duk abin da aka sa wa farashi ba ya zama a ƙasa. Leda da ruɓaɓɓen abinci suna cika bola ne domin har yau babu wanda ya sa musu farashi mai tsoka.

Da me muka saka wa waɗannan mutane? Da sunan ɓarayi. Na sani, kuma ba zan ɓoye ba, akwai ɓata-gari a cikinsu masu cire murfin kwalbati da wayar lantarki da ƙofar gidan da ba kowa. A kama su a hukunta su, a kama dillalin da ya saya yana sane. Amma hukuncin gama-gari zalunci ne. Jihar Borno ta haramta sana'ar gwangwan a 2023 saboda dalilan tsaro, Abuja ta hana 'yan bola yawo a cikin birni a farkon 2025, kuma na ji masu cewa mu ma a yi haka. Kafin a yi, a je bakin bola da safe a ga su waye a wurin. Yara ne 'yan shekara goma da buhu a kafaɗa, ba safar hannu ba takalmi. Mata ne da aka kashe mazansu a ƙauye, suna tsintar robar lemo su wanke su sayar wa masu zoɓo da kunun aya don su sami na garin kwaki. Ka hana su, ka ba su me?

Birnin Alƙahira ya gwada raina irin waɗannan mutane. Can akwai masu bin gida-gida suna kwasar shara, ana kiransu Zabbalin, waɗanda aka shaida suna mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka tara zuwa amfani. A 2003 hukuma ta ɗauki kwangilar ta ba manyan kamfanonin Turai masu motoci na zamani, waɗanda abin da aka nema su sarrafa bai wuce kashi 20 ba. Gari ya ƙara ƙazanta, daga baya aka dawo ana neman waɗanda aka ture. Birnin Pune na Indiya ya bi ɗaya hanyar. A 2008 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu tsintar shara mai suna SWaCH, akasarinsu mata. Aka ba su katin shaida da kura da kayan kariya, suna bin gidaje suna karɓar shara, magidanci na biyansu ɗan kuɗi kowane wata, abin da suka ware na sayarwa kuma nasu ne. Mutum dubbai ke ci daga wannan har yau. Ban ga abin da Pune ke da shi da Tsafe ba za ta iya ba, in ban da shugabanni da suka yarda talaka ya san aikinsa.

Sai dai akwai gargaɗin da mu 'yan Zamfara ba mu da uzurin mantawa da shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, ƙura na sauka a kwanon abinci. Sai a 2013 aka tsaftace ƙauyen Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa. Ba shara ce ta jawo wannan ba, amma dalmar da ke cikin batirin mota da batirin sola ita ce dai wannan dalmar. Yanzu da rashin wuta ya sa kowane shago da kowane gida mai hali ya koma sola, matattun batura za su yi ta ƙaruwa, kuma ana fasa su da guduma a tsakar unguwa, a zubar da ruwan a ƙasa. Haka masu ƙona waya don su ciro jan ƙarfe, haka sharar asibitoci da ƙananan shagunan magani da ke ƙarewa a bola ɗaya da ɓawon lemo. Juya shara ba tare da ƙa'ida ba kisa ne a hankali. Wannan ɓangare ba na yara ba ne, ba na cikin gida ba ne, kuma a nan ne ake buƙatar hukuma ta nuna ƙarfinta, ba a kan yaro mai buhu ba.

Abin da ya kamata a yi ba ya buƙatar a tafi yawon buɗe ido wata ƙasa. A fara da unguwa ɗaya a kowane gari. Kowane gida ya ware mai ruɓewa gefe, leda da roba da ƙarfe gefe. Matan gida ne za su yi wannan, kuma ba za su yi don an yi shela a rediyo ba, za su yi ne in mai kura ya zo ƙofa a ranar da ya ce zai zo, in kuma buhun ledar da suka tara zai koma sabulu ko 'yan kuɗin cefane. Masu kurar nan su zama 'yan jari-bolan da aka yi wa rajista ta hannun mai unguwa, aka ba su kati da safar hannu da takalmin ruwa, manya ba yara ba. Ƙaramar hukuma ta ba da fili a wajen gari, nesa da rijiyoyi, inda za a tara mai ruɓewar tare da sharar kasuwar kayan gwari da jini da abin cikin tumbi daga mayanka. A jera shi kunya-kunya, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Zafin da yake yi da kansa ya isa ya kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai laushi, a tankaɗe a zuba a buhu. Ba na cewa zai maye gurbin takin zamani ɗungurungum. Amma yana raya ƙasar da ta gaji, yana riƙe danshi, yana sa ɗan takin zamanin da manomi ya iya saya ya ƙara yin aiki. Kuma yanzu da rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakin nesa, kowa ya dawo yana tatsar 'yan gonakin bakin gari, ƙasar nan ba ta taɓa buƙatar taki irin na yau ba.

Garuruwan uku a kan titi ɗaya suke, kuma wannan ni'ima ce da ba a amfani da ita. Gusau ce mai yawan shara, Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe ke da gonaki da fadamu. Motar da ta kawo hatsi da kayan miya cikin gari bai kamata ta koma ba komai ba. Leda da robar lemo kuwa nauyinsu kaɗan ne, cika mota suke yi a banza, shi ya sa kai su Kano ba ya biyan kuɗin mai. Injin matsewa da na niƙawa guda a Gusau, wanda Tsafe da Bungudu za su riƙa kawo wa kaya, shi zai sa farashin ya tashi har tsintar ledar fiya-wata ta zama sana'a. Ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da ake tarawa a bayan injina ana ƙonawa, a matse su su zama makamashin girki, a rage saran itacen da ya kusa ƙarar mana da daji. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da ɗakunan gwaji da ɗalibai masu neman abin bincike. Su auna takin su tabbatar babu guba a ciki. Kwalejin kimiyyar lafiya da ke Tsafe tana yaye ma'aikatan tsaftar muhalli, da yawansu na zaune ba aiki. A ɗauke su a dawo da duba-gari na gaske, mai shiga lungu, ba mai zama a ofis ba.

Kuɗin fa? Wannan ita ce tambayar da ake rufe bakin kowa da ita. Da farko, kuɗin da ake kashewa a dizal da hayar tifa don a kai taki rami, a juya wani kaso nasa zuwa biyan wanda ya kawo shara a ware. Na biyu, gwamnatin jiha na sayen takin zamani tana rabawa kusan kowace damina. In ta yi alkawarin sayen takin gargajiyar da aka sarrafa a jihar ta haɗa a rabon, masu jari za su shigo da kansu da zarar sun ga mai saye. Na uku, akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja, kuma ba na jin akwai farfaɗo da ƙasar da ya wuce mayar mata da takinta. Na huɗu, wanda ya fi ba ni haushi: kamfanonin da ke cika mana kasuwa da lemon roba da ruwan roba. Tun 2014 hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora wa mai ƙera kaya alhakin abin da kayansa suka bari bayan an yi amfani da su. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha suka kafa haɗakarsu ta tattara roba. Ribarsu na isowa har Yankuzo da Nahuce, motocinsu ba sa ɓata hanya in za su kawo kaya. To su san hanyar da za su zo su kwashe robarsu, ko su biya wanda ya kwashe. Masu gidajen fiya-wata na cikin gari ma haka, a sa musu ɗan abu a kan kowace jaka, a zuba shi a asusun da jama'a za su iya dubawa. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar sarrafa shara da ta sarrafa roba tun 2020. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba.

Abin da nake tsoro shi ne a ji wannan magana a mayar da ita kwangila. A kira taro a otal, a sa hannu da wani kamfani da ba wanda ya san shi, a ce za a kafa katafariyar masana'antar da za ta mayar da shara wutar lantarki. Sharar da rabinta jiƙaƙƙen abinci ne da ƙasa ba ta ci da wuta sai an zuba mata mai, kuma garin da masaƙarsa da sauran masana'antunsa suka durƙushe ya san yadda manyan injina ke mutuwa in babu wuta babu kayan gyara. Haka ma hana leda da baki kawai. Ruwanda ta hana a 2008 ta kuma tsaya a kan hanin, Legas ta hana kwanon abinci na soso a Janairun 2024. Amma Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, kuma wanda ya je Maraɗi ya ga leda a kan itatuwa yadda take a namu. Doka ba tare da abin da mai koko da mai manja za su zuba kayansu a ciki ba, takarda ce.

Mu ma jama'a ba za mu tsira daga zargi ba. Alhaji mai gidan bene da ke ba almajiri naira hamsin ya ɗauke masa shara, ya san sarai lambatun bayan gidan maƙwabcinsa za a juye ta. Uwar gida da ke jiran hadari ya haɗo ta watsa shara a kwata don ruwa ya tafi da ita, ta san gidan wani ruwan zai shiga. Ɗan kasuwar da ke ƙulla albasa ɗaya a leda biyu, da mu masu karɓa, duk muna ciki. Muna faɗin tsafta cikon addini ce, jihar nan ce ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, amma bola na jingine da katangar masallaci da ta makarantar allo. Malamai, Allah ya gafarta muku, cutar da maƙwabci da hayaƙin roba da toshe hanyar ruwa ba su cancanci huɗubar Juma'a ba? Masu martaba Sarkin Katsinan Gusau da Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, Allah ya ja zamaninku, hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinku suke, kuma su ne kaɗai suka san kowane gida da mai shi. Babu rajistar 'yan jari-bola ko rabon ranakun kwasar shara da zai yi aiki ba da su ba.

Na san amsar da za a ba ni: ana kashe mutane a hanyar Tsafe, ana sace ɗalibai, kai kana maganar bola. Tsaro na gaba da komai, ban musa ba. Amma shugaban ƙaramar hukuma ba shi da soja ba shi da jirgin yaƙi, shara kuwa tana cikin abin da doka ta damƙa masa, kuma saurayin da ya sami sana'ar tura kura ko juya taki da ke ba shi abin kai wa gida, an rage mutum ɗaya cikin waɗanda yunwa za ta iya turawa daji. Kafin ruwan bana ya sauka, ina son in ga kansilolin Gusau da Tsafe da Bungudu sun tashi a zauren majalisarsu sun nemi a ware fili, a buɗe rajista, a sa layi a kasafin kuɗi mai suna da adadi, a kuma bayyana unguwar da za a fara da ita da ranar da kurar farko za ta tsaya a ƙofar gida.